Littafin lambun mangwaro na Dodowa: farin ƙwaro da baƙin ganye

Asabar, 6 Janairu 2024

Na buɗe littafin nan ne don na daina yarda da ƙwaƙwalwata. Bara na ga baƙin ganye a bishiya biyu, na ce ƙurar hunturu ce, na koma unguwar Madina ta Accra kan keken ɗinkina na manta. Yau da na sauka daga trotro, motar haya, na taka zuwa lambu, Kawu bai bari na ajiye jaka ba.

"Zo ka ga abin da nake ta faɗa maka a waya, kana ce mini to, to."

Layin gabas ya kai ni, wajen tsoffin bishiyoyin nan uku 'yan gida da marigayi Baba ya tarar a filin bai sare ba. Tun daga nesa ka ga sun yi duhu. Ganyen ya yi baƙi ƙirin kamar rufin ɗakin girki da kunkunniya ta kama. Na murza ɗaya da yatsa, baƙin ya ɓare kamar ɓawon ƙuna, koren yana nan lafiya a ƙarƙashi, amma yatsana ya yi danƙo. Da na juya bayan ganyen sai ga su: farare, jere a gefen jijiyar tsakiya, kowanne da dogayen zaruruwa kamar an yayyafa audugar katifa. Na danne guda, ya fashe da ɗan ruwa. Tururuwa baƙaƙe na hawa da sauka a kansu, ba ruwansu da ni.

Kawu ya ce darɓa ce, irin wadda yake gani a ganyen dawa can arewa yana yaro. Na ce dawa daban, mangwaro daban. Ya yi mini kallon da ake yi wa wanda aka haifa a Nima, cikin birnin Accra.

Mun zaga mun ƙirga. Manyan bishiyoyi masu aure, wato waɗanda aka haɗa wa reshen wani iri, 84 ne, irin Keitt 76, irin Kent 8. Sai 'yan gida uku, sai ƙananan dashe 20 da na sa a watan Yunin bara. Waɗanda suka yi baƙi sosai 17, kusan duka a gabas. Abin takaicin, yanzu ne lambun ya fara fure, kuma wannan furen shi ne amfanin watan Yuni da Yuli.

Laraba, 10 Janairu

Na kai ganye biyu a leda wani shagon maganin gona. Yaron shagon ko buɗe ledar bai yi ba, ya miƙo mini kwalba ya ce wannan ba ya barin komai da rai. A jikin kwalbar an rubuta lambda-cyhalothrin. Lita biyu sidi 180. Tsohon famfon feshinmu yana yoyo a baya, na sayi sabo mai lita 16, sidi 320.

Asabar, 13 Janairu

An yi feshi. Na ɗauki wani saurayi ɗan Dodowa, sidi 150, ya bi lambun kaf, masu ciwo da masu lafiya, domin na ce masa gara a yi maganin abin gaba ɗaya. Kawu ya zauna a gindin bishiya yana jan carbi, sau ɗaya ya yi magana: "Mahaifinka bai taɓa fesa wa bishiya magani tana fure ba." Na ce masa zamanin Baba ba a ga irin wannan ba. Bai ƙara cewa uffan ba.

Asabar, 27 Janairu

Fararen sun ragu a rassan ƙasa. Baƙin na nan. Na koma gida da murna, har na tsaya a Adenta na sayi tsire.

Asabar, 10 Fabrairu

Inna lillahi. An gudu ba a tsira ba. Daga 17 sun koma 31, kuma yanzu abin ya tsallaka tsakiyar lambu inda da babu ko ɗaya. Sabon tohon da ya fito bayan feshi, mai laushin nan ja-ja, bayansa fari fat. A wasu bishiyoyin har kan sandar furen suka hau. Idan ka tsaya a ƙarƙashi da rana sai ka ji wani abu na sauka a wuyanka kamar yayyafi, ka shafa ka ji danƙo. Hulata ta Juma'a da na yi gangancin zuwa da ita ta tashi daga aiki.

Wani abin da ya fi damuna: furen ya bushe ya zube da yawa ba tare da ya ƙulla 'ya'ya ba. A bara in ka shigo lambun nan lokacin fure, ƙudaje da ƙananan ƙwari sun cika shi da ƙugi, har ba ka son buɗe baki. Yau shiru kamar maƙabarta. Kawu ya ce tun kwana biyu bayan feshin ya ga gawarwakinsu a kan busasshen ganye. Ban tambaye shi me ya sa bai faɗa mini ba, don na san amsar.

Na so in sake sayen kwalba in ninka ƙarfin. Ƙanena da ke karatu a jami'ar Legon ya hana ni a waya, ya ce in nemo malamin gona na gunduma tukuna, ko ba komai ya ga abin da idonsa.

Alhamis, 15 Fabrairu

Na rufe shago na tafi. Malamin gonan ya zo a kan babur, ba ya jin Hausa, muka yi ta da Turanci da yaren Twi kaɗan, ina juya wa Kawu. Ya ciro gilashin ƙara girma daga aljihu, ya ɗora a ganye ya ce in leƙa. A nan na gane ashe ba abu ɗaya ke cin lambun ba, biyu ne.

Na farko shi ne mai audugar nan, sunansa a littafi Rastrococcus invadens. Yana soka bakinsa a ganye ya tsotsi ruwan bishiya, abin da ya yi masa yawa ya fitar da shi ta baya da zaƙi kamar ruwan sukari. Wannan zaƙin ne ke zuba a ganyen ƙasa, fumfuna baƙa ta tsiro a kai. Wato baƙin ba shi ne ciwon ba, alamarsa ce, amma yana tare wa ganye hasken rana har bishiya ta kasa fure da 'ya'ya yadda ya kamata. Tururuwa kuwa makiyaya ne: suna shan zaƙin, suna korar duk wani ƙwaro da zai taɓa musu shanu. Kawu ya ce, "Ba na ce maka darɓa ba ce?" Na ce ya yi gaskiya, a bar maganar.

Na biyu ni ban ma lura da shi ba, na ɗauka feshin farar ƙasa ne ko kashin tsuntsu. Shi ba ya motsi, ba shi da auduga, yana manne ne a ganye kamar ɓawon kifi. Aulacaspis tubercularis. A gilashi macen zagayayya ce, faɗinta bai wuce milimita biyu ba, da ɗan ɗigo mai duhu a jikin murfin. Mazan ƙanana ne dogaye, farare, sun taru gungu-gungu kamar an zubar da garin rogo. Na sa farce na ɗaga murfin wata, ga ƙwai a ƙasa. Wannan ba ya fitar da zaƙi, don haka ba ya kawo baƙi. Aikinsa shi ne ya bar tabo ruwan ɗorawa a ganye har ganyen ya zube, ƙananan rassa su bushe daga sama, a jikin 'ya'ya kuma ya bar ɗigo-ɗigo ja-ja. Shi ne wanda ya addabi manoman mangwaro a yammacin Habasha tun 2010.

Da na nuna masa kwalbar, ya girgiza kai kawai. Mai audugar kakin jikinsa yana hana magani shiga, mai ɓawon kuma yana ƙarƙashin murfinsa. Waɗanda maganin ya samu a fili su ne masu cin su, da ƙudajen da ke yi wa fure barbara. Garin neman gira na rasa ido.

Ya ba mu tarihin abin, kuma a nan Kawu ya gyara zama. Mai audugar ba ɗan ƙasa ba ne, daga nahiyar Asiya ya zo, an fara ganinsa a Gana da Togo wajen 1981 zuwa 1982, ya bazu a Afirka ta Yamma yana cin mangwaro da lemo da ayaba, ba mai taka masa birki domin ya baro maƙiyansa a gida. Daga baya masana, ciki har da na cibiyar binciken noma ta IITA da ke da reshe a Kwatano, suka kawo wani ɗan mitsitsin zanzaro daga Indiya, Gyranusoidea tebygi, aka fara sakinsa a Togo a 1987, sannan aka ƙara da wani, Anagyrus mangicola. Zanzaron bai kai ƙwayar gero ba. Yana saka ƙwansa a cikin jikin ƙwaron, ɗansa ya cinye shi ta ciki ya huda ya fito. Tun lokacin abin ya lafa, sai dai ya ɗan tashi nan da can, musamman inda aka yi ta feshi.

Kawu ya ce ya tuna. Shekarun nan na yunwa, wajen 1983 da gobarar daji da dawowar mutanenmu daga Najeriya, bishiyoyin mangwaron da ke gidajen Accra sun yi baƙi, mata sun daina shanya a ƙarƙashinsu, wasu masu gida suka sare nasu don haushi. Ya ce su a lokacin sun ɗauka duk cikin fitinar shekarar ce. "Ashe wani zanzaro ne ya cece mu ba mu ko gode masa ba."

Abin da aka tsayar: ba sauran wannan maganin. A rage rassa iska da rana su shiga. A tare tururuwa. A wanke da sabulu da dalbejiya inda abin ya yi tsanani kawai. Sauran a bar wa zanzaro, zai dawo daga bishiyoyin maƙwabta. Na saya masa mai a babur, ya ƙi karɓar komai bayan haka.

Asabar da Lahadi, 17 da 18 Fabrairu

Sara. Ba lokacinsa ba ne, bayan girbi ya kamata, amma ba yadda za a yi. Mun taɓa bishiyoyi 31 ɗin nan ne kaɗai, muka cire rassan ciki da suka sarƙe da waɗanda suka sunkuya har ƙasa. Tsoffin 'yan gida uku mun rage musu kusan rabi. A cikin duhunsu abin ya yi sansani, wani reshen in ka girgiza sai farin ya zubo maka a fuska. Na yi niyyar sare su daga tushe, Kawu ya ce ba a gabansa ba.

Malamin ya ja kunnenmu kada a ja rassan a ƙasa a ratsa lambu da su, domin 'ya'yan ƙwarin da suka ƙyanƙyashe ƙanana ne kamar ƙura, su ne masu yawo, iska ma ɗaukarsu take yi, haka tufafin mutum. Muka tara a kan buhuna muka fitar ta bayan shinge. Mun bar tarin kwana biyu a can kafin a ƙona, ko akwai zanzaron da zai fito ya tsira.

Lebura biyu, kwana biyu, sidi 400. Zarto 90. Wake da shinkafa 60. Jajayen tururuwa masu ɗinka ganye sun yi wa ɗayansu rubdugu a wuya, ya sauko daga tsani ba shiri.

Asabar, 24 Fabrairu

Wani kuskuren, nawa ne ni kaɗai. Yaran unguwa sun tsinto mana busassun 'ya'yan dalbejiya, na ba su sidi 30, abin da ya fi komai yawa a filayen nan. Matar Kawu ta daka, muka jiƙa tun daren Juma'a, aka tace da tsohon ɗankwali. Sabulun salo, wanda a nan kowa ke kira alata samina, dunƙule uku sidi 60. Sai na ga kumfar ba ta yi mini ba, na ƙara sabulu ninki biyu. Ruwa kuma bai iso ba sai ƙarfe sha ɗaya, don mai aboboyaa, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ya tsaya wani aikin, sidi 120 da jarkokinsa. Maimakon in haƙura zuwa yamma, na fesa bishiya shida da tsakar rana. Kafin la'asar sabon tohon ya yi laushi, gefen ganyen ya ƙone kamar an kanga masa wuta, ƙananan 'ya'ya masu girman gyaɗa suka fara zuba.

Sauran mun bari sai bayan la'asar, da sabulu kaɗan, muna kai bakin famfon bayan ganye inda suke. Hannu ya gaji, don aikin wanki ne, ba feshi ba.

Asabar, 2 Maris

Wanki na biyu, da yamma. Ruwa 120. Na sayi gilashina na kaina, sidi 45.

Laraba, 6 Maris

Hutun 'yancin kai, na zo da yara biyu. Mun ɗaura leda a gindin kowace bishiya mai ciwo, faɗin tafin hannu, muka shafa giris a kan ledar don tururuwa ta kasa hawa. Giris 70, leda 20. Leda ta ƙare saura bishiya biyar, na shafa musu kai tsaye a jikin ɓawo. An kuma nome ciyawar da ke taɓa rassa, in ba haka ba gada ka gina musu.

Jajayen masu ɗinka ganye sun sa mu gardama. Su ma suna kiwon masu zaƙin, na gani da idona a cikin gidansu. Amma su ne ke korar ƙudan da ke huda mangwaro ya sa masa tsutsa, wanda ya shigo ƙasar nan wajen 2005, kuma a wajen mai sayarwa wannan ƙudan ya fi komai sharri. Kawu ya ce bishiyar da ke da su ita ce ba ta ruɓa. Mun bar su. Baƙaƙen ƙasa kaɗai muke yaƙa.

Asabar, 16 Maris

An shiga azumi. Ba mu yi aiki mai nauyi ba. Wanki na uku ga bishiya goma sha biyu da suka fi muni, muka gama dab da shan ruwa. Ruwa 120.

Asabar, 23 Maris

Yau na gano ta inda mai ɓawon kifi ya shigo, kuma ni na kawo shi da kuɗina. Na bi ƙananan dashen nan 20 da gilashi, ɗaya bayan ɗaya. Goma sha huɗu suna ɗauke da shi, tara a cikinsu sun yi fari har kara, ganyensu na ƙasa duk ya zube. Manyan da ke kewaye da su su ne masu tabo ruwan ɗorawa, kana nisa da su tabon na raguwa. Layin yamma, inda ban dasa komai ba, tsaf yake.

Na sayo su ne a gefen titi a hanyar Somanya, sidi 25 kowanne, na yi ta murnar araha. Ban juya ganye ko ɗaya ba. Ba na cewa mai su ya cuce ni da gangan, wataƙila shi ma bai sani ba. Amma na tuna yadda motoci ke tsayawa a wurin, kowa na loda goma, ashirin, wasu har Kintampo da Wenchi za su kai. Ƙwaron da macensa ba ta da fiffike, ga shi yana tafiyar ɗaruruwan kilomita a bayan mota.

Mun tuge taran mun ƙona. Biyar ɗin na goge su da tsohon buroshin haƙori da ruwan sabulu, ganye ganye, ina azumi, ina tsugune. Na leƙa wajen maƙwabcinmu na gabas na gaya masa ya duba nasa. Ya ce shi duk wata yake feshi, ba abin da zai same shi. Ta saman shinge ina hango baƙin ganyensa.

Asabar, 6 Afrilu

An yi ruwa mai ƙarfi sau biyu a makon nan. Baƙin ya fara ɓarewa da kansa yana faɗuwa kamar ƙonanniyar takarda. Amma abin da ya sa na kira Kawu da ihu ba shi ba ne. A bayan wani ganye a layin tsakiya, cikin fararen, na ga wasu sun kumbura sun bushe sun koma ruwan ƙasa kamar ƙwayar riɗi. Na ɗora gilashi: kowanne da 'yar ƙofa zagayayya a ƙarshensa, cikinsa fanko. Na ƙirga goma sha ɗaya a ganye guda. Kawu ya karɓi gilashin ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ikon Allah. Baƙon Indiya ya iso."

A kan masu ɓawo kuma na ga wani ɗan buzuzu baƙi mai sheƙi, kamar rabin ƙwayar wake, yana bi yana ɓalle murafen. Na hana wanki na huɗu a duk bishiyar da muka ga ɗayan biyun.

Asabar, 13 Afrilu

Barka da Sallah. Bishiyoyi biyar ɗin da na shafa wa giris ba leda, ɓawonsu ya yi laushi ya yi baƙi a wurin, biyu suna tsiyayar ƙaro. Mun kankare da wuƙa a hankali muka wanke. Sauran ledojin ƙura da busasshen ganye sun manne a kai, tururuwa na takawa abinta. An sabunta da ragowar giris. Wanki ga bishiya huɗu kawai, ruwa 120, ya yi saura muka ba dashe.

Asabar, 4 Mayu

Hajiya mai sarin da ta saba saye tun zamanin Baba ta zo duba lambu. Ta zaga tana ɗaga 'ya'ya da bakin mayafi, ba ta ce komai ba sai da muka zauna.

"Ɗana, bana lambunka rabi ne."

Ban musa ba. Layin yamma ya ɗauka sosai. Tsakiya jefi-jefi. Gabas kuwa wata bishiyar ba ta kai goma ba, shidan da na ƙona da sabulu kusan ba komai. Ta ce baƙin da ke jikin 'ya'ya ba ya damunta, yaranta za su wanke da tsumma. Jan ɗigon mai ɓawo shi ne ba ya fita, cikin lafiya lau amma ido ke saye. Irin waɗannan ba za su shiga kwalin masu fitarwa waje ba, sai tire a Madina ko Agbogbloshie, kuma da rangwame. Ba mu yanke farashi ba, ta ce sai sun ƙosa.

Asabar, 25 Mayu

Ƙirgan yau: bishiyoyin da har yanzu ake ganin mai auduga da rai a sabon toho, 7, duka a jikin shingen gabas. Mai ɓawo yana nan a bishiya 12, bai ƙaru ba, bai kuma tafi ba. Shi ya fi taurin kai.

Abin da na kashe daga Janairu, ban da kuɗin mota: sidi 1,905. A ciki 650 na feshin farko ne, famfon kaɗai ya rage mini a ciki. Ban sa sidi 225 na dashe taran da aka ƙona ba.

Bayan girbi, in Allah ya kai mu ƙarshen Yuli, za a yi wa lambun duka sara na gaskiya, a rage tsayin Keitt ɗin yadda famfo zai kai sama. Malamin gona ya ce a lokacin za a iya gwada farin man feshi a kan mai ɓawo, da sanyin yamma, a daidaita shi da fitowar ƙananan, kuma kafin furen ƙaramar kaka. Zan tambayi kuɗinsa. Ramuka taran nan ba zan sayi dashe ba. Kawu ya tara ƙwallayen 'yan gida a bayan ɗakinsa, talatin da biyu, za mu shuka a leda mu yi musu aure da reshen layin yamma. Mako mai zuwa a rataya tarkon ƙuda, kuma in sake zuwa wajen maƙwabcin gabas, wannan karon da gilashin a aljihu.